Ranar Da Birged Ta Iso Namilepa

Mutum dubu uku aka yi wa Mozambik alkawari. A kunnena aka yi shi, a babban filin taro na Dar, babban birnin ƙasarmu, ranar da wani babba ya hau mumbari da rigarsa marar kwala ya ce jinin maƙwabci jininmu ne, kuma duk ɗan tawayen da ya taɓa ƙasar ɗan'uwanmu ya taɓo tsuliyar dodo. Birged sukutum za a tura, in ji shi, da tankoki da manyan bindigogi, ta je ta riƙe wani gari da gadarsa a lardin Zambeziya. Muka yi tafi har tafin hannu ya yi ja.

Daga nan aka shiga yi wa alkawarin aski. Tankoki suka fara zama a gida, don babu mai. Manyan bindigogi suka bi su, saboda harsasan da ke rumbu na wata irin bindiga ce dabam, wadda ba wanda ya tuna inda aka ajiye ta. Bataliya ta farko aka ce ta dakata a kawo mata takalma. Ta biyu aka ce ta dakata ta ga yadda za a yi da ta farkon. Ranar da muka hau jirgin ruwa a Mtwara, mu ɗari da 'yan kai ne, wato abin da soja ke kira kamfani. A cikinmu har da masu badujala ashirin, domin kwamandanmu, Kanar Mwakipesile, ya rantse gara a bar masa bindiga a baya da a bar masa ƙahonninsa.

Abu ɗaya ne askin bai taɓa ba, shi ne sunan. Kanar ya san wanda ya fita da birged, da muƙamin Birgediya yake dawowa, wanda ya fita da kamfani kuwa da zazzaɓin sauro yake dawowa. Don haka ya sa aka yi masa allo, fari da shuɗi, tsawonsa ya kai ƙofar ɗaki. A sama aka rubuta Hedikwatar Birged da harshenmu, a ƙasa kuma da manyan baƙaƙe da Fotugis: BRIGADA. Allon nan shi kaɗai ya samu wurin kwana mai inuwa a jirgin.

Ni ne tafinta. Sunana Laftanar Rwegasira. Tarihi na karanta a jami'ar Dar, na koyi Fotugis wajen koyar da 'ya'yan 'yan gudun hijira, kuma na kai shekarun da ya kamata a ce ina gida ina fama da ciwon baya cikin mutunci. Kanar ya laƙaba mini Farfesa, kuma duk lokacin da ya faɗi kalmar sai ka ga kamar ya tauna tsakuwa a shinkafa.

Saje Manja Wambura, Bakuriye ne daga ƙabilar masu shanu, wanda ya tsufa a cikin kaki, shi ya same ni a bakin jirgi ina amai, ya fara da Afande, wato ranka ya daɗe a bakin sojanmu.

"Afande Farfesa, da wane harshe kake yin wannan? Ka fassara mana mu ma mu amfana."

"Tafi can, mai warin shanu."

"Halin ƙabilarku ke nan, ku Hayawa. Ko gaisuwa mutum ya yi muku sai kun faɗa masa digirinku. To ga tambaya, mai ilimi. In aka raba dubu uku aka samu ɗari, sauran ina suka shiga?"

"Suna cikin jawabi," na ce masa. "Can suka fi aminci."

Daga Kelimane, babban birnin lardin, inda jirgin ya sauke mu, motoci uku suka kwashe mu duka, har da allon, zuwa Namilepa. Gari ne ɗan ƙarami a bakin kogi, da gada guda, da filin ƙwallo, da gonakin kwakwa da suka miƙe har inda ido ya gaji. Ginin kirki ɗaya ne a garin, gidan tsohon Kamfanin kwakwa na zamanin Fotugis, kuma ba sai na faɗi wanda ya tare a ciki ba. Tsofaffin garin har lokacin in sun zo wucewa ta ƙofarsa sai su tsallaka titi. A zamaninsu, in aka ce Kamfani na kira a filin ƙwallo, to za a jera mutane ne a tsince majiya ƙarfi a loda su a mota zuwa aikin tilas, kuma ba duka ke dawowa ba.

Wanda muka tarar yana riƙe da gadar shi ne Manjo Alfinete na sojan Mozambik, wani siriri mai idon wanda ya daɗe bai yi barci ya ƙoshi ba. Mutanensa sun ninka mu, rabinsu da takalman tsohuwar taya, amma sun shekara da shekaru a ramukan nan, sun san kowace hanyar da 'yan daji, wato 'yan tawayen, ke saukowa daga duwatsu. Ya ƙame ya sara wa Kanar, sannan ya dubi motocinmu uku, ya leƙa bayansu ko akwai wasu.

"Kamarada Kanar, barka da hanya. Sauran fa?"

Na fassara.

"Suna tafe," in ji Kanar.

"Yaushe?"

"Ka ce masa, Farfesa, birged ba ta faɗin motsinta a bakin titi."

Da Kanar ya shige duba ɗakin wankan Kamfani, Manjo ya jawo ni gindin wata bishiyar kwakwa, ya kunna guntun taba ya miƙo mini rabi.

"Kamarada tafinta, tsakaninka da Allah, ku nawa ne?"

"An hana ni ƙirga. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima."

"Idona ba ya aiki a Kelimane," ya ce. "Can oba-oba suke saurare. Umarnin da aka ba ni shi ne, ranar da kwamandanku ya tsaya gaban jama'a ya ce birged ta karɓi gari, ranar zan kwashe yarana mu tafi tsaron hanyar jirgin ƙasa. Hafsan da ya taɓa cewa idonsa ya fi oba-oba gaskiya, yanzu haka rogo yake nomawa a sansanin gyaran hali." Ya nuna duwatsu da haɓarsa. "Waɗancan sun fi mu da ku yawa in an haɗa. Tafiyata kawai suke jira. Ka je Mutepa ka ga abin da suka bari, garin da yanzu ba mai kunne biyu sai jariran bana."

To, magana ta fito fili. In Kanar ya furta kalmarsa a fili, Manjo zai tafi, a bar garin nan da mutum ɗari, ashirin daga ciki makaɗa, ɗaya kuma malamin tarihi mai ciwon baya. Ina son mutanen Namilepa daidai yadda mutum zai so waɗanda ya sani tun hantsi, amma kunnuwana na daɗe da su.

Na sami Kanar yana tsaye yana ba da umarnin inda za a kafa allo. Na ce masa a natse, cikin ladabin da ake yi wa mahaukaci mai sanda, ya faɗa wa Kelimane gaskiyar yawanmu, a bar Manjo har sauran su iso.

"Farfesa, yaƙi da suna ake yin sa. 'Yan daji su ji an ce birged, zawo zai kama su."

"Afande, masu sayar mana da kwakwa a bakin ƙofa 'yan'uwansu ne. Sun iya ƙirga."

"Kai da ka karanta tarihi, ka taɓa jin an rubuta sunan kwamandan kamfani a ciki?"

"A jerin matattu, Afande, sau da yawa."

Ya ce in fita. Kafin in kai ƙofa ya kira ni ya ba ni aiki. A ɗora lasifika a mota, a zaga gari da ƙauyukan gefen kogi, a sanar cewa brigada ta iso, kowa da kowa ya hallara filin ƙwallo gobe da safe. Za a yi fareti, zai yi jawabi, zai karɓi gari.

Motar ba ta gama zagaye ba wata dattijuwa ta same ni a bakin gidan Kamfani. Gajeriya ce kakkaura, da farar riga da ta sha wanki har ta koma launin toka. Dona Felismina, ungozomar garin, kuma ita ce asibitin garin gaba ɗaya.

"Ɗan nan, an ce kai ne mai jin harshenmu a cikinsu. Kun zo da akwatin sanyi?"

Akwatin sanyi muna da shi, mai aiki da kananzir. Giyar Kanar ce a ciki.

"Na me, Mama?"

"Na allura mana! Ƙyanda ta shigo mana tun farkon damina. Yaran da na rufe wa ido sun fi yatsun hannuna. Na aika Kelimane har na gaji, sai yau na ji lasifika na cewa brigada ta iso. Na ce Allah na gode maka."

Sai na gano bakin zaren. Kalmar tana da fuska biyu, kuma na san su duka tun ina ɗalibi, amma allon Kanar ya cika mini ido. A bakin hafsa irin Manjo, brigada runduna ce. A bakin talakan ƙasar nan kuwa, brigada ita ce 'yan mutum biyar ko shida da gwamnati kan turo a mota, masu yaƙi da jahilci, ko masu haƙa rijiya, ko masu allurar rigakafi. A garin da ƙyanda ke ɗibar yara, ba wanda zai ji kalmar ya tuna da tanka.

"Mama, mu sojoji ne. Ko ƙwayar ciwon kai ba mu da ta ba wani."

Ta dube ni daga takalmi zuwa hula.

"To ka je ka faɗa wa lasifikarku. Labari ya riga ya haye kogi."

Na koma wurin Kanar, don kada gobe a ce ban faɗa ba. Na tarar yana gwada farar safar hannu gaban madubin Kamfani, masu badujala na ta kashe wani take a tsakar gida.

"Afande, akwai matsala game da kalmar nan ta brigada."

"Farfesa, in na buƙaci ƙamus zan aiko a kira ka."

Na sara masa na fita. Soja ai biyayya ne.

Da safe filin ƙwallo ya cika ya batse. Mata ne kusan duka, cikin zannuwansu masu launi, wasu tun daga ƙetaren kogi, ƙafafunsu fututu. Ba su yi da'ira kamar masu kallon fareti ba. Layi suka ja, dogo, ya lanƙwasa ta bayan raga ya fita har titi. Kowace da goyo ko da yaro a hannu, kuma kowane yaro an naɗe masa hannun riga har kafaɗa. Tsofaffi suna zaune gefe a inuwa. Mu muka jeru sahu uku, an buɗa tsakaninmu sosai don mu yi kama da yawa, kamar haƙoran tsoho. Manjo da yaransa suna ɗaya gefen, kayansu a ɗaure, suna jiran kalma ɗaya su kama hanya.

Kanar ya fito, lambobi na walƙiya a ƙirjinsa. Da ya ga layin sai idonsa ya kawo ruwa.

"Ka gani, Farfesa? 'Ya'yansu suka kawo mana. Wannan ba ya cikin littattafanka."

"Babu shi kam, Afande."

Aka busa badujala. Wani yaro a gaban layi ya ga dogon ƙahon nan mai shiga da fita, ya ɗauka allurar ke nan, ya tsala ihu, sauran suka amsa masa. Kanar ya ce kafin jawabi zai gaisa da jama'a. Ya nufi mace ta farko. Ta miƙo masa damtsen jaririnta. Ya kama ɗan hannun da farar safarsa ya girgiza shi, kamar yana gaisawa da jakada. Matar ta bi shi da kallo. Ta biyu ma haka. Ta uku, wadda da alama ta fi su sanin asibiti, ta juya yaron ta kwaye masa ɗuwawu ta ɗaga shi daidai fuskar Kanar.

"Afande," in ji Saje Wambura daga bayansa, a hankali, "wannan gaisuwar a garinmu sai an yanka sa."

Wani daga cikin yaran Manjo ya fashe da dariya. Sai muryar Dona Felismina ta taso daga tsakiyar layi, kuma na tabbata ta san abin da take yi, don ni da bakina na faɗa mata jiya.

"Likita! Mun ga gaisuwa. Allurar fa?"

"Me ta ce?" in ji Kanar.

"Ta kira ka likita, Afande."

"Likita?"

"Waccan mai jan ɗankwali kuma ta ce ba likita ba ne, babban nas ne, don likita ba ya sa safa tun daga gida. Suna tambayar allurar ƙyanda. A nan brigada masu allura ne, Afande. Shi ne abin ƙamus ɗin."

Na taɓa ganin mutum ya haɗiye ƙayar kifi a wani biki a Bukoba. Haka fuskarsa ta yi. Dariya ta bi sahun Manjo daga wannan kai zuwa wancan, ta tsallako ta fara taɓa namu. Mutumin nan zai iya jure a kashe masa soja ɗari, amma a ce masa nas a gaban makaɗansa, wannan ya fi ƙarfinsa. Ya fizgi lasifika, ya tuna ba ya jin harshen, ya cusa mini ita a ƙirji.

"Faɗa musu ni ba nas ba ne! Faɗa musu mu ba brigada ba ne!"

"Haka zan faɗa, Afande? Daidai yadda ka ce?"

"Harafi da harafi!"

A duk shekarun da na yi ina tafinta ban taɓa fassara magana da tsabta irin ta ranar ba. Na maimaita ta sau biyu, don na bayan raga su ji.

Manjo Alfinete ya tako a hankali ya ƙame gaban Kanar. Fuskarsa ba alamar dariya.

"Kamarada Kanar, jama'a na tambaya, ni ma dole in sanar da Kelimane. In ba brigada ba ce, mece ce ta iso?"

Kanar ya waiwaya ya dubi sahunmu uku. In ya ce bataliya, ko jariran za su yi dariya. Mata sun fara gunaguni, wata na nuna safarsa. Yana neman kalma mai warin albarushi, wadda ba za a haɗa ta da auduga da ruwan zafi ba, kuma guda ɗaya ce ta rage masa. Gaskiya ce, amma ba laifinsa ba ne, matsuwa ce ta kawo ta.

"Kamfani!" ya daka tsawa. "Kamfanin yaƙi!"

Na sa baki a lasifika na fara fassarawa. Ban kai ga kalmar yaƙi ba. Wata tsohuwa a inuwa ta miƙe ta ɗora hannu a ka.

"Kamfani ya dawo! An tara mu a fili! Ku gudu da yara!"

Ga motoci uku a gefe, ga mutum da farar safa ya fito daga gidan Kamfani, ga layi. Me kuma ake jira? Kafin mai ganga ya sauke sandarsa filin ya zama wayam. Sai takalma warin ƙafa ɗaya, da wata akuya, da Dona Felismina a tsaye ta riƙe ƙugu tana kallon Kanar kamar ta ga abin da kare ya bari a ƙofar ɗaki.

Manjo ya sara, ya juya, ya tafi wurin oba-oba. Ina jin sa yana magana dalla-dalla. Kwamandan ƙawayenmu ya sanar a gaban jama'ar gari cewa abin da ya iso ba brigada ba ce, kamfani ne. Don haka, bisa umarni, yana nan a Namilepa yana jiran brigada. Sannan ya ce wa yaransa su kwance kaya.

Sai da Kanar ya ga ana kwance kayan sannan ya gane ya sayar da muƙamin Birgediya da bakinsa. Ya aika ni da gudu in ce wa Manjo a gyara maganar.

"Da zarar sauran sun iso, Kamarada," in ji Manjo, "sai ya sake tara jama'a a fili ya faɗa. In sun yarda sun zo."

Sauran ba su iso ba. Na ji daga baya takalman bataliya ta farko sun samu, amma duk na ƙafar hagu ne, ko da yake ban rantse a kan wannan ba.

'Yan daji sun sauko kafin damina ta ɗauke. Sun zo da lissafin masu kwakwa, sai suka tarar da yaran Manjo a ramukansu na da, mu kuma a gefensu, har da makaɗa, waɗanda ashe in an ƙwace musu ƙaho suna iya harbi. Gadar ba ta faɗi ba. Mun binne namu a gonar kwakwa, Manjo ya binne nasa kusa da su, Saje Wambura ya bar yatsu biyu a bakin kogi, yana cewa dama ba da su yake nuna ni ba. Ƙyanda kuwa ba wanda ya tare mata gada. Ta ci iya cinta ta wuce.

Allon ne ya ƙi barin Kanar ya huta. Matan ƙauyukan nesa, waɗanda labarin farko ya kai musu na biyu bai kai ba, kullum safiya sai a tarar sun ja layi a ƙarƙashinsa da yara, hannun riga a naɗe. Mai gadi ya kore su, gobe wasu su zo. Daga ƙarshe Kanar da kansa ya ce a cire shi a jefar bayan gida.

Ranar da za mu bar garin na bi ta wurin Dona Felismina in yi sallama. Allon na gani a saman ƙofar ɗakin haihuwarta, an ɗaure shi da igiyar kwakwa, an goge shi tas.

"Mama, wannan ai na Hedikwata ne."

"Na fi shi cancanta, ɗan nan," ta ce, ba ta ko ɗago daga tukunyar da take tafasa kayan aikinta ba. "Ni ko ba komai ina da sirinji ɗaya."